Kujerar Baya

An jefa ƙuri'a a zauren wani otal a Oshkosh,
jirgi na arba'in da bakwai ya faɗo kaina.
Gwanar da aka haɗa mu, Marlys Dvorak,
ta miƙo hannu mai kaushi kamar dutsen goge kaushi,
ta ce, "Juma'a, ƙarfe biyar, bakin tafki.
Kada ka shigo min da ayaba."
Ban tambayi dalili ba.
Kakana ma a Yawuri ba ya yarda a ƙirga kifi
sai ƙafa ta taka tudu.

Dokar gajera ce.
Jirgi nata, gaba nata,
ita ke karanta allon da ke leƙa ƙasan ruwa
kamar hoton ciki a asibiti.
Ni ɗan koyo, nawa kujerar baya,
da rabin kuɗin mai,
da koma mai dogon mariƙi.
Kifi biyar za a kai sikeli, kuma da ransu.
Wanda ya mutu, a zaftare mana awo.

Walai suke ce wa kifin,
suna kamar na mai shirin rantsuwa ya fasa.
Idonsa fari fat, ka ce yana ce ta rufe shi,
amma a duhu babu mai ganinsa.
Ni kuwa idona biyu garau,
sai dai kun san abin da aka ce a kan idon baƙo.

Sati uku ke nan ina gwaji a gareji.
Na ɗura shinkafa a safa, na ɗaure ta da zare,
Rumasa'u na ja daga bayan mota, tana karkaɗa ta,
tana ihu, "Baba, ta kai! Ba ta wutsiya ba!"
Sau goma sha ɗaya safa ta tsere min.
Uwarta ta leƙo ta ce
shinkafar nan ta tuwon Asabar ce, mu sani.

Ƙullin ƙugiya na koye shi da yatsu
a cikin kwanon ruwan ƙanƙara,
don asubahin Winnebago ba ya duba kalanda.
Tana dozin biyu na firji cikin roba mai murfi,
na rubuta a kai da harshe biyu: ba dambu ba ne.

Juma'ar da za ta yi kyau, an ce, tun Laraba ake gane ta.
Larabar nan iska ta kwashe hulata a bakin gada.

Ba igiyar ruwa ke hana ni barci ba.
Abin da nake gani in na rufe ido
shi ne sandarta ta lanƙwashe,
ta jawo ƙato har gefen jirgi,
aikinta na shekara yana lilo a siririn zare,
sai hannuna ya yi rawa,
bakin koma ya bugi ƙugiya,
ruwa ya rufe.
Sannan awa bakwai a jirgi ɗaya,
ba mai cewa uffan.

Na kira Kawu Barmo na faɗa masa.
"Ku kama, ku auna, ku mayar?"
Layi ya yi shiru har na zaci kati ya ƙare.
"To, miyar fa?"
Ya yi dariya har da tari.
Da ya huce ya ce, "Jiƙa komar tukuna.
Kuma kada inuwarka ta riga ka shiga ruwa."

Yanzu uku da rabi na dare.
Rigar kariya, lasisi, dabino, shayi a fulas,
darduma don Asuba za ta same ni a wurin ajiye motoci.
Saƙon Marlys ya shigo: iska daga yamma, ka ƙara safa.
Na buɗe jaka in ƙara,
sai ga ta shinkafa a ciki,
an zana mata farin ido da alli,
ɗaya babba, ɗaya ya karkace.